Yadda ake tantance furotin ɗin da ke riƙe juna a cikin siliya da filajela

Siliya da filajela wasu siraran gasu ne da ke fitowa daga jikin ƙwayar halitta, suna kaɗawa domin su tura ƙwayar gaba ko kuma su tura ruwan da ke kewaye da ita. Su ne ke share majina da ƙura daga hanyar numfashin ɗan Adam, su ne ke raka ƙwai a cikin bututun da ke kai shi mahaifa, kuma wutsiyar maniyyi ma filajela ce. Idan gasun gajeru ne masu yawa sai a kira su siliya, idan kuwa dogaye ne 'yan kaɗan sai a ce filajela, amma ginin cikinsu iri ɗaya ne. Wannan bayani na wanda yake son ya gano, ta hanyar gwaji, wane furotin ne yake riƙe da wane a cikin wannan gini, kuma wane riƙo ne yake juya akalar motsin.

Kafin ka ɗauki kwalba ko ɗaya, wajibi ne taswirar ginin ta zauna a kanka. Ƙashin bayan siliya, wanda ake kira aksonim, kaurinsa bai wuce nanomita 200 zuwa 250 ba (nanomita ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita). A gefensa akwai bututu tara da suka yi da'ira, kowannensu yana goye da wani a bayansa: bututun A cikakke ne mai zare 13 na furotin tubulin, bututun B kuwa yana da zare 10 ne, ya jingina da ɗan'uwansa domin ya rufe. A tsakiyar da'irar akwai wasu bututu biyu, C1 da C2, waɗanda zan riƙa kira tagwayen tsakiya. Daga jikin bututun A hannuwan wani furotin mai suna dainin suke miƙewa, sahu biyu, na waje da na ciki, suna cafkar bututun B na maƙwabci suna tura shi da ƙarfin da suke samu daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya. Daga bututun A ɗin kuma wasu turaku masu faffaɗan kai suke nufar tsakiya har su kusa taɓa rassan da ke jikin tagwaye. Sannan akwai wata igiya, N-DRC, wadda ta ɗaure kowane bututu da na kusa da shi. Duk wannan tsari yana maimaita kansa bayan kowace nanomita 96, kuma a cikin kowane maimaici ana samun hannun waje huɗu, ɗaya bayan kowace nanomita 24.

Dainin shi ne injin, kuma tun 1965 Ian Gibbons da Arthur Rowe suka ciro shi daga siliyar Tetrahymena, wata halitta mai ƙwaya ɗaya da ke rayuwa a ruwa, suka raɗa masa suna. Matsalar da ta rage ita ce ta tsari. Da a ce dukkan hannuwan da ke kewayen da'irar za su ja da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya, da gashin ya sandare, domin ɓangaren dama zai soke aikin ɓangaren hagu. Dole ne wani abu ya riƙa danne wasu yana sakin wasu, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Tagwayen tsakiya da turaku da N-DRC da hannun ciki mai kai biyu da ake kira I1 su ne ke wannan aiki, kuma suna yin sa ne ta hanyar taɓa juna.

A nan ne nake son mai bincike ya tsaya ya raba tambayarsa gida uku, domin yawancin kuskuren da ake yi a wannan fanni daga cakuɗa su yake tasowa. Cewa furotin biyu suna cikin dunƙule ɗaya magana ce daban. Cewa jikinsu yana taɓa juna kai tsaye wata maganar ce. Cewa wannan taɓawar tana sauya yadda gashin yake kaɗawa ita ce ta uku, kuma ita ce mafi wuyar tabbatarwa. Kowace dabara da zan ambata tana amsa ɗaya ce daga cikinsu, ba ta amsa sauran, saboda haka ka riƙa tambayar kanka a kowane mataki wace ce ka amsa.

Zaɓen halittar da za a yi aiki da ita

Ga wanda yake farawa, ban ga abin da ya kai Chlamydomonas reinhardtii ba. Wani koren gansakuka ne mai ƙwaya ɗaya da filajela biyu, tsawon kowace kimanin maikuromita 10 zuwa 12. Yana girma a ruwan gishiri-gishiri mai sauƙin haɗawa, kuma kwafi ɗaya kawai yake da shi na kowace ƙwayar gado, don haka duk tawayar da ta same shi nan take take bayyana. Ba ya mutuwa idan filajelarsa ta daina aiki, sai dai ya kwanta a gindin kwalba maimakon ya yi iyo, wanda hakan ya sa ake gane mai tawaya da ido. Masu bincike sun tara irinsa masu tawaya tsawon shekaru da dama, kuma ana iya samun su daga cibiyar adana su da ke Jami'ar Minnesota a Amurka. Iri mai suna pf14 ba shi da furotin RSP3, saboda haka turakunsa ba sa tsayawa. Pf18 ba shi da tagwayen tsakiya. Jerin oda kuwa ba su da hannuwan waje. Tetrahymena yana ba da siliya mai yawa ga mai son tace furotin, maniyyin bushiyar teku yana da kyau wajen nazarin kaɗawa, Trypanosoma brucei kuma, wanda ke haddasa ciwon barci, yana da sauƙin kashe wa ƙwayar gado. Sai dai ka tuna cewa ba komai ne yake daidai a tsakaninsu ba: hannun waje na Chlamydomonas kai uku gare shi, na ɗan Adam biyu, kuma turke na uku a gansakukan guntu ne marar kai, alhali a siliyarmu cikakke ne.

Ka fara da kallon motsin kafin ka niƙa komai. Ɗauki hoton bidiyo mai saurin gaske a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka ƙirga yawan kaɗawa a daƙiƙa, ka kuma zana siffar lanƙwasar. Lafiyayyen Chlamydomonas yana kaɗawa sau 50 zuwa 60 a daƙiƙa. Idan hannuwan waje suka ɓace, yawan kaɗawar ne yake faɗuwa ƙasa da rabi amma siffar tana nan kusan yadda take. Idan na ciki ne suka samu matsala, siffar ce take lalacewa, lanƙwasar ta zama marar zurfi. Idan turaku ko tagwayen tsakiya ne babu, gashin yakan shanye, sai ɗan karkarwa. Wannan kallo na farko yana gaya maka ɓangaren da za ka dosa, kuma shi ne ma'aunin da za ka dawo gare shi a ƙarshe.

Ciro aksonim da warware shi daki-daki

Ana sa ƙwayoyin su zubar da filajelarsu ta hanya biyu da aka saba: ko a zuba musu sinadarin dibuken, ko a sauke awon pH na ruwan zuwa kusan 4.5 na ƙasa da minti ɗaya sannan a mayar da shi daidai. Filajelar tana tsinkewa ne a wani wuri tabbatacce kusa da gindinta. Daga nan sai a juya ruwan a na'urar juyi a hankali domin jikin ƙwayoyin ya kwanta, a kwashe na sama, a sake juyawa da ƙarfi domin a tara filajelar. Ka yi komai a kan ƙanƙara, ka kuma zuba magungunan da ke hana enzayim cin furotin, domin manyan sarƙoƙin dainin suna saurin gutsurewa. Ka duba abin da ka tara a madubi. Idan kore ya yi yawa, jikin ƙwayoyi ya biyo, kuma furotin ɗinsu za su cika maka sakamako da abin da ba ruwansa da filajela. Bayan haka sai a narkar da fatar da ke lulluɓe da gashin da sinadarin wanki marar zafi, irin Triton X-100 ko Nonidet P-40, abin da ya rage shi ne aksonim tsirara.

Warwarewar da gishiri ake yin ta, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Gishirin sodiyam ko fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.6 yana ɓamɓaro hannuwan dainin ya bar turaku a wurinsu. Sai an kawo fotasiyam ayodayid mai kusan wannan ƙarfin sannan turakun suke saki. Abin da ya fito a kowane mataki sai a ɗora shi a kan ruwan sukari mai hawa-hawan kauri, a juya shi sa'o'i masu yawa, kowane dunƙule ya sauka gwargwadon girmansa. Cikakken turke yana sauka a matsayin 20S (S awon saurin saukar dunƙule ne), kuma ta wannan hanya aka gano cewa a Chlamydomonas yana ɗauke da furotin aƙalla 23. Idan furotin ɗin da kake bi ya sauka tare da su, wannan alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce tukuna, domin abubuwa biyu da ba su san juna ba suna iya yin girma ɗaya. Gwajin da ke raba gardama shi ne a maimaita aikin da aksonim na pf14: idan furotin ɗinka ya ɓace daga 20S a lokacin da turaku suka ɓace, to ɗan gidan ne.

Mataki na gaba shi ne kamun ƙugiya. Ana maƙala wa furotin ɗin wata 'yar alama, kamar HA ko GFP, a mayar da ƙwayar gadonsa cikin irin da ba shi da ita, sannan a yi amfani da antibodi, wato furotin da ke gane alamar ya kama ta, a jawo shi tare da duk abin da ya riƙe shi, a kai na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin furotin ta faɗi sunayensu. Abu biyu ne ba a yin sakaci da su a nan. Na farko, ka tabbata furotin mai alamar ya dawo wa mai tawayar da iyonsa, domin idan bai dawo da shi ba, wataƙila alamar ta toshe daidai wurin da kake son ka nazarta. Na biyu, ka yi irin wannan kamun da ƙwayoyin da ba su da alamar, ka cire duk sunan da ya fito a duka biyun. Tubulin zai fito ko'ina, don shi ne ya fi komai yawa. Akwai kuma wasu ƙananan furotin, irin su LC8 da kalmodulin, waɗanda suke zaune a gidaje da dama a lokaci ɗaya, LC8 yana cikin dainin yana kuma cikin turaku. Ganinsu a jerinka ba ya nufin dunƙulen biyu suna haɗe.

Ga riƙon da ba shi da ƙarfi, wanda gishiri yake tsinkawa, akwai dabarar shafa alama ga maƙwabta, wadda aka fito da ita a 2012 da sunan BioID. Ana haɗa furotin ɗin da wani enzayim da ke manna wani ƙaramin sinadari mai suna biyotin a jikin duk furotin da ke cikin tazarar kimanin nanomita 10, sannan a tattaro masu biyotin ɗin. Amfaninta babba ne, sai dai a wuri mai cunkoso kamar aksonim nanomita 10 tazara ce da za ta ɗauki furotin da dama, don haka jerin maƙwabta take bayarwa kawai.

Tabbatar da taɓawa kai tsaye

Domin a san ko jiki yana taɓa jiki, sai a ɗinke su tun suna wurinsu. Sinadarin EDC yana haɗa furotin biyu ba tare da ya saka wata gada a tsakaninsu ba, saboda haka ba ya ɗinke sai waɗanda suke manne da juna. Ana zuba shi a kan aksonim da ƙarfi daban-daban, a raba furotin ɗin a kan jel, a nemi sabon layi wanda nauyinsa ya yi daidai da jimillar biyun, sannan a nuna cewa antibodin kowannensu yana gane layin. Ka fara da ɗan kaɗan, domin idan ya yi yawa komai zai dunƙule ya ƙi shiga jel ɗin. Masu ɗinki masu gada, irin DSS, suna haɗa abin da ke ɗan nesa, kuma idan aka karanta sakamakon da na'urar auna nauyi ana iya sanin ainihin wuraren da aka ɗinke a jikin kowane furotin.

Ana kuma iya samar da furotin biyun a cikin bakteriya, a tace su, a haɗa su a kwalba su kaɗai a ga ko za su kama juna, ko a gwada su a cikin yis ta dabarar da Stanley Fields da Ok-kyu Song suka wallafa a 1989. A ganina sakamakon waɗannan biyun yana buƙatar taka-tsantsan fiye da yadda ake ba shi. Furotin da yawa na aksonim dogayen igiyoyi ne da ke nannaɗe juna, kuma irinsu sukan manne wa duk mai irin siffarsu idan aka raba su da gidansu. Wasu kuma ba sa naɗuwa daidai sai da mataimaka, domin hannuwan dainin da mafarin turke mai girman 12S a cikin jikin ƙwayar ake harhaɗa su, sannan jiragen IFT, wato masu dakon kaya a cikin filajela, waɗanda aka gano a 1993, su ɗauke su zuwa cikin filajelar. Rashin kamawa a kwalba ba ya kore riƙo, kamawa kuma ba ta tabbatar da shi ita kaɗai.

Abin da ya sauya fannin nan shi ne gani da ido. Ana ɗiga aksonim a kan 'yar raga, a tsoma shi cikin ruwan iskar itan (ethane) mai tsananin sanyi da sauri ta yadda ruwan da ke kewaye da aksonim ɗin zai daskare ba tare da ya yi ƙanƙara mai tsaga ba, sannan a ɗauki hotuna a madubin elektron ana karkata shi daga kusan digiri 60 a wannan gefe zuwa 60 a wancan. Kwamfuta tana haɗa hotunan, ta yanko ɗaruruwan maimaicin nanomita 96, ta ɗora su a kan juna har siffar ta fito. Daniela Nicastro da abokan aikinta sun nuna ƙarfin wannan hanya a kan aksonim a 2006, kuma a 2009 ɗakin bincikenta ya nuna cewa igiyar neksin da aka daɗe ana gani a hotuna da dunƙulen DRC da masu nazarin gado suka gano abu ɗaya ne, wato N-DRC ɗin da na ambata a farko. Yadda za ka yi amfani da ita shi ne ka kwatanta taswirar lafiyayye da ta mai tawaya, ka ga inda aka samu gurbi. Ka lura cewa gurbin yakan fi furotin ɗin da ka cire girma, domin duk abin da ke rataye a jikinsa shi ma yana faɗuwa. Don haka ana ƙara wa furotin ɗin alama mai ɗan kauri, kamar biyotin da furotin da ke kama shi mai suna sitireftabidin, a ga inda ƙarin ya bayyana. Ka kuma tuna cewa ɗora hotuna a kan juna yana shafe bambanci, kuma bututun tara ba duka suke ɗaya ba: a Chlamydomonas bututu na 1 ba shi da hannuwan waje. Tun daga 2019 taswirorin sun kai tsabtar da ake gane furotin daga siffarsa, kuma manhajar AlphaFold tana taimakawa wajen hasashen siffar da za a gwada a cikin taswirar, amma hasashenta na cewa biyu suna haɗuwa shawara ce ta gwajin da za a yi.

Komawa ga motsi

Tambaya ta uku ba a amsa ta sai an sake kunna injin. Idan aka cire wa ƙwayar fata aka zuba mata ATP da maganiziyam, filajelar tana ci gaba da kaɗawa, kuma a nan kana da ikon sauya abin da ke cikin ruwan. Ƙara kalsiyam zuwa sama yana juya bugun Chlamydomonas daga irin na mai ninƙaya da hannu biyu zuwa igiyar da ke sa shi ja da baya, don haka idan kana zargin furotin ɗinka yana isar da saƙon kalsiyam, wannan ne gwajinsa.

Gwajin zamewa ya fi shiga ciki. A 1971 Keith Summers da Gibbons suka ɗan ciyar da aksonim na maniyyin bushiyar teku ga enzayim tirifsin domin ya tsinke igiyoyin da suka ɗaure bututun, suka zuba ATP, sai bututun suka riƙa zamewa suna fita daga juna har tsawon ya ninka sau da yawa. Saurin wannan zamewa shi ne awon aikin dainin kai tsaye, ko da a irin da ya shanye. Da shi Elizabeth Smith da Winfield Sale suka nuna a 1992 cewa aksonim marar turaku yana zamewa a hankali ƙwarai duk da dainin ɗinsa lafiya lau yake. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa maganin da ke hana enzayim masu manna fosfet aiki yana dawo da saurin, kuma sawun ya kai ga furotin IC138 na hannun I1, wanda yawan fosfet a jikinsa yake tafiya tare da raguwar zamewa. Sarƙa ce da ta taso daga turke ta bi ta enzayim ta isa dainin, kuma babu wata dabara guda da za ta iya nuna ta duka.

Nazarin gado yana da tasa hanyar mai kyau, wato neman tawaya ta biyu da ke gyara ta farko. A 1982 Bessie Huang da Zenta Ramanis da David Luck suka ɗauki irin da suka shanye saboda rashin turaku ko tagwaye, suka nemo waɗanda suka soma motsi bayan wata sabuwar tawaya, alhali turakun ba su dawo ba. Wasu daga cikin sababbin tawayoyin sun faɗa a kan dainin, wasu a kan abin da daga baya aka kira DRC. Ma'anar ita ce akwai birki a jikin dainin, kuma aikin turaku da tagwaye shi ne sakin birkin a lokacin da ya dace.

Idan kana son misalin gwajin da za ka yi koyi da shi, dubi ayyuka biyu da Toshiyuki Oda da abokansa a ɗakin binciken Masahide Kikkawa na Jami'ar Tokyo suka fitar a 2014. A na farko sun ɗauki pf6, irin da ya rasa ɗaya daga cikin rassan bututun C1, suka ƙara wa kan turaku wani furotin da ba shi da alaƙa da filajela, domin kawai ya cike tazarar da ta buɗe, sai motsi ya dawo zuwa wani mataki. Wannan ya nuna cewa aƙalla wani ɓangare na saƙon da ke tsakanin tagwaye da turaku karo ne na jiki da jiki. A na biyu sun tsawaita furotin FAP59 da FAP172, waɗanda a jikin ɗan Adam ake kira CCDC39 da CCDC40, sai maimaicin ya tashi daga nanomita 96 har zuwa 128, wanda ya tabbatar da cewa su ne ma'aunin da ke shata wa turaku da hannuwan ciki mazauninsu. A duka biyun sun sauya abu ɗaya da gangan, sun faɗi abin da zai faru idan tunaninsu daidai ne, sannan suka auna. Haka za ka yi da naka: ka canza 'yan amino asid ɗin da taswira ta nuna a wurin haɗuwar, ka tabbata furotin biyun har yanzu suna isa aksonim, sannan ka koma ga bidiyo da gwajin zamewa.

Daga nan sai ka nemi takwaran furotin ɗin a jikin ɗan Adam. Ciwon shanyewar siliya na gado, wanda Björn Afzelius ya danganta da rashin hannuwan dainin a 1976, yana kawo ciwon huhu da na hanci mai maimaituwa da matsalar haihuwa, kuma an gano ƙwayoyin gado sama da 50 da ke haddasa shi. Kusan rabin masu ciwon gaɓoɓin cikinsu a juye suke, zuciya tana dama. Amma waɗanda tawayarsu take a kan turke, kamar RSPH1 da RSPH4A da RSPH9, ko a tagwayen tsakiya, kamar HYDIN, gaɓoɓinsu suna zama a mazauninsu, domin siliyar da ke raba dama da hagu a jikin ɗan tayi ba ta dogara da tagwayen tsakiya ba, juyawa take yi kamar farfela. Idan furotin ɗinka na turke ne ko na tagwaye, bayanan marasa lafiyar da suka rasa shi ya kamata su zo da wannan siffar, matsalar numfashi ba tare da juyewar gaɓoɓi ba, kuma idan suka zo da juyewar, sai ka sake duba ko yana da wani mazaunin a jikin hannuwan dainin ko a wajen harhaɗa su.